Kunnen da Ke Cikin Mahaifa

Shekarar da gero ya bushe a tsaye daga Tozai har Kamarawa, bayan sallar isha'i, Saudatu ta ji wani sauti a bayan gidansu da ke garin Isa. Ƙurus, ƙurus, kamar ana tauna tsakuwa.

Ta fita da tocila. Wata ramammiyar saniya ce, ƙahonta ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa, tana tauna ƙashin mushen jaki. Wani saurayi na ta jan igiyarta.

"Ki yi haƙuri, Malama, tsinkewa ta yi. Mutane na cewa ta zama mayya."

Saudatu ta yi dariya. "Ba maita ba ce, fari ne. Ciyawa ta ƙare, jikinta na neman abin da ke cikin ƙashi."

"Wa ya gaya mata?"

Wannan tambayar ce ta sa ta haska fuskarsa. Maliki sunansa, daga Tozai.

Ita kuwa hutu ta zo daga Sakkwato, inda take bincike a kan ciwon daji na mahaifa. Ta gaya masa cewa ƙwayoyin jikin mutum na da wani ɗan abu kamar kunne, mai jin yawan kalshiyam, sinadarin nan na ƙashi. Har a shimfiɗar cikin mahaifa akwai shi, kuma ana zargin idan ya kurumce ciwon ya fi saurin yaɗuwa. Shi take dubawa a naman da likitoci suka cire.

Da safe saƙonsa ya shigo wayarta: "Malamar Kunne, nawa bai kurumce ba. Tun jiya muryarki yake ji."

Ta mayar masa: "Mai saniya, ɗaure ta da kyau. Ko kuma kar ka ɗaure."

Amma da maganar aurensu ta kai ga mahaifiyarsa, Hajo, sai ta kafe.

"Yarinyar da ke yini tana yankan mahaifar mata? Tata ba za ta riƙe ɗa ba. Kar ta taka mini gida."

Saudatu ta taka. Cikin azumi ne, ta je gaisuwa, ta tarar da Hajo na shan fura da rana. Habi, maƙwabciyar Hajo, ta ce, tana dariya, "Kar ki yi mamaki, ɗiyata. Tsohuwa ta koma budurwa, al'ada ta dawo bayan shekara da shekaru. Ko salla ta daina."

Saudatu ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa.

"Inna, jinin da ya dawo bayan ya ɗauke ba haila ba ne. Ki zo asibiti a duba ki."

"Tashi! Ke da mahaifa kamar kura da akuya."

"Za ni tashi. Ko kin hana ni Maliki har abada, ki zo. Ni dai ina son ya ci gaba da samun wadda zai kira Inna."

Hajo ta juya mata baya. Amma kwanakin da ta yi ba salla sun fi na kowace haila, ita ma ta sani. Bayan ƙaramar salla ta ce wa Maliki ya nemo mota.

A Sakkwato aka ce ciwon ne, amma bai yi nisa ba. Aka cire mahaifar. Saudatu ce ta riƙe mata buta ranar da ta koma alwala.

Da Hajo ta sallame salla ta ce, "Abin da suka cire, wurinki za a kai?"

"Sai in kin yarda, Inna."

"Na yarda. Duba kunnen da kyau, ko wata ta tsira. Nan ciki Maliki ya kwanta. Tunda za ki riƙe ɗakinsa na fari, shi ma riƙe shi."

Aka ɗaura aure ruwa bai sauka ba tukuna, mata na ta "Allah shi bada zaman lafiya, Allah shi kawo damina." Saniyar tana ɗaure a gindin aduwa, an sayo mata dusa, ta ƙi, tana leƙen ƙasusuwan abincin biki.

Habi ta daɗe tana kallon Hajo a kan tabarmar salla, sannan ta ce, "Wai ni Hajo, da yarinyar nan ta ji maganarki ba ta taka gidan ba, yau kina ina?"