Kwalin Farko

Duk wanda ya zauna Sabha ya san ranar garin ba ta da mutunci. Gwangwanin madara zai baro bakin teku lafiya lau, kafin ya iso unguwar Mahdiya ya kumbura ya yi tulu. Zafin ranar nan ne ya fara karya Zabeirou, daga baya shi ya ƙarasa aikin da hannunsa.

Zabeirou mutumin Tasawa ne, mai shigo da kayan abinci, madara da tumatirin gwangwani da kifi da mai. Yayarsa Ɗijatu ce ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta jawo shi Libiya, kuma da gumin tuwon da take sayar wa leburori a unguwar Tayuri ya buɗe mahzan ɗinsa, wato rumbun ajiyar kaya. Allah bai ba Ɗijatu haihuwa ba, shi ya sa ya ba ta riƙon 'yarsa Zakiyya. Yana kuma da wata al'ada da kowa ya san shi da ita. Duk motar da ta sauke masa kaya, kwalin farko ba na sayarwa ba ne. Tayuri ake kai shi, Ɗijatu ta ɗora hannu ta sa albarka, ta dafa, gida da baƙi kowa ya ci.

Wata ranar kasuwa masu duba abinci suka shigo masa. Babbansu Ustaz Yousef, Balarabe mai guntuwar Hausa, ba ya karɓar na goro, ba ya kuma dogon zance. Ya juya gwangwani ya karanta kwanan watan da ke gindinsa, ya danna murfin da babban yatsa.

"Wannan ya mutu, Haj. Wannan kuma ciki ya kumbura. Mutum ya ci, sai asibiti."

Aka kwashe kayan kaf, aka fita da su bayan gari aka tattake aka binne, aka manna jan kaki, hatimin hukuma, a ƙofar mahzan. Gaskiya Yousef ya yi, Zabeirou ma ya san haka, don kayan da wa'adinsu ya kusa cika ya sayo da araha. Amma baƙin ciki ya hana shi ganin laifinsa. A nan ne amininsa Mainassara, wanda kayansa ba su taɓa faɗuwa gwaji ba, ya dafa masa kafaɗa.

"Kai kana kokawa da rana, kana kokawa da hukuma. Tashi in kai ka inda ake gyara wannan."

Da tsakar rana suka isa Wadi Bawanis. Suka wuce gonaki masu ruwa, suka kai wani lambu da dabinonsa suka bushe a tsaye. A bakin wata matacciyar rijiya akwai bukka, bangonta duk tsofaffin gwangwanaye ne masu tsatsa, kowane ya kumbura kamar zai fashe. Wari ya cika wurin, amma ko ƙuda ɗaya babu, kuma wannan ya fi warin tayar wa Zabeirou da hankali. A ciki wani tsoho na zaune kan buhun gari da ya daskare ya zama dutse. Leɓɓansa baƙi ƙirin, gabansa tukunyar madara da ta yi kore tana motsi ba tare da wuta ba.

"Ka zo da mafi lalacewa?" in ji tsohon, ba sallama ba gaisuwa.

Zabeirou ya miƙa masa gwangwanin kifi da Mainassara ya ce ya riƙo. Tsohon ya huda shi da ƙusa, gwangwanin ya yi huci, baƙin ruwa ya tsarto. Ya sa Zabeirou ya zaro harshe, ya tsaga tsininsa da ƙusar nan, ya ɗiga jinin cikin hudar. Ya tofa, ya shafe da yatsa, ya tsoma gwangwanin cikin tukunya yana kiran wasu sunaye da ba na mutane ba. Daga ƙasan rijiya wani abu ya amsa, kamar mutum na haɗiyar loma. Da ya fiddo gwangwanin sai ga shi sumul yana sheƙi, kwanan watan gindinsa ya koma gaba.

"Daga yau idon mai duba zai ga sabo, ɗakin gwajinsu zai ga sabo, mai saye zai ci lafiya."

"To ruɓar fa, Baba? Ina ta tafi?"

"Ruɓa ba ta tafiya ko'ina. Tattara ta ake yi wuri ɗaya."

"Me zan biya? Rago? Raƙumi?"

Tsohon ya yi dariya, haƙoransa duk sun zube. "Riƙe dabbobinka. Sharaɗi ɗaya ne. Abin da ka saba yi ranar da kaya suka sauka, kada ka fasa. Ranar da ka fasa, abin da aka tattara zai dawo wa mai shi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ka yarda?"

Zabeirou ya san sarai abin da ya saba yi. Ya waiwayi Mainassara, ya ga ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi. Da ya tambayi yadda aka yi tsohon ya san yana da wata al'ada, da ya tsira. Bai tambaya ba, don bai son jin amsar. Ya ce ya yarda.

Arziki ya zo kamar an ɓalle famfo. Duk kayan da 'yan kasuwar bakin teku ke neman inda za su zubar, Zabeirou ya kwasa. Yousef ya zo ya juya gwangwani, ya danna, ya ɗauki samfuri zuwa gwaji, sakamako ya fito fes. Har hannu ya ba shi yana cewa, "Bahi, da kyau, Haj, yanzu ka gyara." Mahzan ɗaya ya zama jeri, motoci na tashi zuwa Agadas da sunansa a jiki. Kwalin farko kuwa kullum ya fi sauran kyau da nauyi, Ɗijatu na ɗora hannu tana cewa, "Allah ya ƙara buɗi, Autana."

Mas'ud mijin Ɗijatu shi ya fara tafiya lahira. Ya ci abincin rana, fatar idonsa ta faɗi, harshensa ya yi nauyi, numfashi ya gagara. Kafin a share makoki wasu leburori masu cin tuwonta suka bi shi, cuta iri ɗaya. Zabeirou ya je ya ci kwalar Mainassara a ƙofar shagonsa.

"Kai ka gaya masa zancen kwalin farko!"

Mainassara bai musa ba. "Ni ne. Uwar 'ya'yana ta tafi, ƙanena ya tafi, ba wanda ya rage da zai karɓi abinci daga hannuna. Tsohon ya ce ba zai sake ni ba sai na kawo mai gidan da aka yarda da shi. Na duba duk Sabha, ban ga wanda aka yarda da shi kamar yadda Ɗijatu ta yarda da kai ba."

Zabeirou ya yi kuka, ya tsine wa abota. Mai sauraro zai ce a nan ya tuba. Ina! Babbar mota na kan hanya, irin wadda bai taɓa saukewa ba. Sai ya yi dabara irin ta wanda zuciyarsa ta riga ta mutu. Ya je Tayuri ya ce uwar Zakiyya na kewarta, a ba shi ita ta kwana biyu. Ya ɗauke 'yarsa, washegari ya aika wa yayarsa kwali.

Abin da ya manta shi ne halin Ɗijatu. Ba ta iya sa loma a baki 'yarta ba ta ci ba. Ta dafa shinkafa da miyar kifin nan, ta zuba mai kyau a kwano, ta ɗaure da ɗankwali, ta kai gidansa a Mahdiya da ƙafarta, ta zauna har yarinyar ta cinye. Ita kanta ba ta ci ba, don tana azumin nafila. Da Zabeirou ya dawo daga mahzan ya tarar da kwanon a wanke a bakin ƙofa, ya gane shi tun daga nesa. Zakiyya ba ta kai la'asar ɗin washegari ba.

Mutuwar ta yi yawa, hukuma ta rufe rumfar Ɗijatu. Yousef ya zo da 'yan sanda, ya tara ta da Zabeirou a ƙofar gidanta, ga gwangwanayen da aka tono daga shararta, baƙaƙe, ciki duk tsutsa.

"Hajiya, wannan daga ina?"

"Daga wurin ƙanena. Shi ke ba ni, bai taɓa ba ni abin banza ba. Auta, gaya musu."

Yousef ya juyo. "Haj, kayanka mun gwada, duka lafiya. Wannan naka ne?"

Zabeirou ya dubi matar da ta goya shi, ya dubi 'yan sanda. "Ba nawa ba ne. Yaya ta kan sayi na araha a bakin titi, na sha yi mata magana."

Ɗijatu ba ta yi ihu ba. Ta dube shi, ta dubi gwangwanayen, ya ga lokacin da ta gane komai, har dalilin ɗauke Zakiyya.

"Ashe ka sani," ta ce. "Ka cire taka, ka bar ni da 'ya'yan mutane."

Daga wannan magana ba ta sake faɗin wata mai kan gado ba. 'Yan sanda suka tafi da ita, amma da aka ga hankalinta ya tafi sai aka sake ta.

Mota ta gaba ta sauka, ba hannun da zai karɓi kwalin farko. Ya kai wa maƙwabta suka ƙi, ya ajiye a bakin hanya ko kare bai shinshina ba. Ya koma Wadi Bawanis ya tarar da rijiya kawai, ba bukka ba tsoho, Mainassara kuma ya tsallaka iyaka. Da rana ta take, gwangwanayen mahzan suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya, baƙin ruwa ya malalo har titi. Aka manna jan kaki a kowace ƙofa tasa, matarsa ta koma gida. Sauran ruɓar ta sauka a bakinsa. Dabino in ya taɓa leɓensa sai ya zama tsutsa, ruwan sanyi ya koma ruwan kwata. Ya rame har yara na gudunsa.

Ƙarshen ganin da aka yi masa a Tayuri ne, ya rarrafo ƙofar yayarsa. Tana zaune gaban murhun da ba wuta, tana tuƙa tukunyar da ba komai. Ta kwashe iska ta zuba a kwanon nan na Zakiyya, ta rufe.

"Yaya, yunwa," ya ce. "Ki ba ni ko loma ɗaya."

Ta janye kwanon ta rungume. "Na ƙanena ne, yana hanya. Kai ban san ka ba."

A ƙofar ya cika.

Ku masu shigo da abin da mutane za su sa a ciki, ku ji da kyau. Wanda ya danna gwangwaninku ya ce ya mutu ba maƙiyinku ba ne, ku bar shi ya binne. Abin da ya ruɓe sai wani ya ci shi, ko da boka ko ba boka, kuma mai fara ci shi ne wanda ya karɓa daga hannunka bai duba gindin gwangwani ba, don ya yarda da kai.