Kwandon Nizar

"Sakar min kwandona!"

"Inna, don Allah ki bari in riƙe miki, ko zuwa bakin taga ne..."

"Na ce ki saki! Ni ba innarki ba ce. Je ki gidan mai gadi ki nemi inna!"

Sausan ta saki hannun kwandon, maganar ta soke ta har ƙashi, don Inna Mabruka ta fi kowa sanin mahaifiyar Sausan ta daɗe a ƙasa. Matan da ke layi a jikin katangar gidan yarin duk suka waiwayo, kowacce da nata kwandon abincin an rufe da tawul. Rana ta take, layi ba ya motsi, faɗan wasu kuwa ya fi tunanin naka daɗin saurare.

Inna Mabruka, mahaifiyar Nizar, ta ja kwandon kaɗan ta tsaya tana tari. Irin tarin nan ne da kusan kowane gida a Ain Salama yake da mai shi, tun da hayaƙin masana'antar taki ya zama iskar garin.

"Kin gani ko? Ba za ki iya ba, Inna."

"In faɗi in mutu ya fi min! Ɗana yana zaman zamansa yana ban ruwan rumman, kika zo kika cika masa kunne da duniya na ɗumama, idon ruwa na ƙafewa. Yau ke kina ina, shi yana ina?"

Tare Sausan da Nizar suka zauna a kan layin dogon da ke kai kaya masana'antar, su da matasan garin, kowa riƙe da busasshen reshen dabino daga gonar gidansu. Ba dutse, ba sanda, ko zagi ba su yi ba. Amma mahaifinta, Baba Munsif, shi ne mai gadin ƙofar layin. Yana hango motocin 'yan sanda ya fizgo ta ya jefa ɗakin gadinsa ya murɗa makulli. Ta taga ta ga an ɗaga Nizar cak kamar buhun gari, bai ko ɗaga hannu ba.

Yanzu ana tuhumarsa da tare hanya, da kuma dukan mai gadin, Baba Munsif, da ƙarfe. Ta biyun ƙarya ce, ita ce kuma mai jawo ɗaurin shekaru.

Da ƙyar suka kai taga. Tari ya turnuƙe Inna Mabruka ta durƙushe, Sausan ta yi wuf ta ɗaga kwandon ta miƙa.

Gandiroban ya dube ta sama da ƙasa. "Ke wace ce tasa?"

"Wadda zai aura."

"Uwa, uba, 'yar'uwa, mata. Su ke kawo kwando, su ke ziyara. Wadda zai aura ba ta ciki. Matsa!"

"Ga uwar nan, ba ka ganin halin da take ciki?"

"In ta miƙe ta sake bin layi. Na baya!"

Kafin Inna Mabruka ta dawo hayyacinta an ja taga an rufe. Kuskus ɗin da ta wuni tana turarawa, da naman da ta zare wa ƙashi tas kamar yadda dokar gidan ta ce, haka za a koma da su. Wanda ba shi da kwando a ciki kuwa, kowa ya san ruwan miyar da ake zuba masa.

Tsohuwar ta ɗago jajayen idanu. "Kin dai ji da kunnenki. Ke ba kowa ba ce a wajensa."

Sausan ta goge fuska da gefen mayafinta.

"To zan zama," ta ce.

*

Baba Munsif yana tsakar gida yana dafa shayi a ƙaramar butarsa lokacin da ta gaya masa. Bai ɗago ba sai da ya gama tsiyayawa.

"Maimaita."

"Lauyar su Nizar ta nemo izini. Za a ɗaura mana aure a can ciki."

"A gidan yari?"

"Eh, Baba."

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Na ɓoye ki daga gidan yari da hannuna, yanzu ke za ki kai kanki da ƙafarki, har da lalle!"

"Ba shi da mai kai masa abinci. Inna Mabruka ba ta..."

"Ya ci reshen dabinon da ya riƙe! Ke kin san ni za a kira shaida a kansa? Manyan wajen aiki sun kira ni ofis, sun ba ni kujera, abin da ba su taɓa yi ba. Kin san ma'anar kujerar nan?"

"So suke ka ce ya doke ka."

"So suke in ci gaba da cin abinci!"

"Ya doke ka, Baba?"

Ya ajiye kofin da ƙarfi har shayin ya fantsama. "Hayaƙin nan da kuke zagi, shi ya biya miki makaranta har kika koyi zaginsa da manyan kalmomi."

"Shi kuma ya cinye ƙirjin Umma."

Da ta san yadda fuskarsa za ta koma da ta haɗiye maganar. Su biyu kaɗai suka rage wa juna a gidan nan, ita ke wanke masa kaya, shi ke ɓare mata rumman har yau kamar yarinya. Ta matsa za ta kama hannunsa, ya janye.

"Doka ba ta ce sai da izininka ba, Baba. Zuciyata ce ta ce. Don Allah ka sa mana albarka..."

"Saurara da kyau, Sausan. Wallahi tallahi, ranar da kika zama matar yaron nan, ni Munsif ba ni da 'ya. Duk wanda ya tambaye ni haka zan ce masa!"

Ta fashe da kuka. Shi kuwa ya juya mata baya ya ci gaba da fifita gawayinsa.

*

A ofishin shugaban gidan yarin aka yi, ɗaki mai warin taba da fanka mai ƙara. Ga masu ɗaurin aure na hukuma su biyu, ga lauya Dalanda da ke kare matasan kyauta, ga Inna Mabruka a kusurwa ta tamke fuska kamar an kawo ta gaisuwar mutuwa.

Da aka shigo da Nizar, Sausan ta dafe baki. An aske masa suma, wuyansa ya fito, rigar ta yi masa yawa.

Maimakon murmushi, harara ya watsa mata.

"Wa ya ce ki yi wannan?"

"Sannu da zuwa, ango."

"Ba wasa nake ba! An gaya min rantsuwar Babanki. Ba zan raba ki da shi a kan tukunyar kuskus ba."

"Ka kalli madubi kuwa?"

"Babu madubi a nan. Sausan, ki tafi gida. In shekara biyar suka ba ni fa?"

"Sai in yi shekara biyar ina bin layi."

"Ba ki da hankali!"

"Ranar da muka zauna a kan layin dogo ba ka ce haka ba. Cewa ka yi, ruhina, in kina gefena ko jirgin ya taho ba zan tashi ba. Ni aka janye daga gefenka, Nizar. Ba ni na tashi ba..."

Nizar ya sunkuyar da kai.

"Hasken idona," ya ce a hankali, "ba ni da abin ba ki sai wahala."

"Ita na zo karɓa."

Babban cikin masu ɗaurin auren ya yi gyaran murya ya tambayi sadaki. Dinari ɗaya ne kamar na kowa, amma fursuna ba shi da aljihu. Nizar ya dubi mahaifiyarsa. Ta kwance bakin mayafinta, ta dangwarar da kwabon a kan teburi har ya yi tsalle.

"Ba don ke ba," ta ce wa Sausan. "Don cikinsa."

Aka karanta Fatiha. Ba guɗa, ba turare, ko hannunsa ba a bari Sausan ta riƙe da kyau ba aka tasa ƙeyarsa. Da yamma ta koma gida ta tarar da akwatinta a waje, an kulle ƙofa. Ɗakin Inna Mabruka ta kwana, tsohuwar ba ta ce mata ci kanki ba, sai dai da safe ta nuna mata tukunyar miyar mulukiya, wato lalo, da ƙafa ta ce ɗanta ba ya son ta da ruwa-ruwa.

*

Ranar shari'a kotun da ke birni ta cika maƙil. A waje mutanen Ain Salama sun tsaya da busassun rassan dabino, 'yan sanda sun kewaye su. Sausan tana benci na biyu lokacin da aka kira shaida.

Baba Munsif ya shigo da rigar da yake sawa ranar Juma'a. Ya rame. Kwalar rigar a murɗe take, ba wanda ya gyara masa, wannan kaɗai ya sa hawaye ya cika mata ido. Bai dubi inda take ba.

Alƙali ya tambayi sunansa da aikinsa, sannan ya yi tambayar da ake yi wa kowane shaida kafin rantsuwa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Akwai dangantaka ta jini ko ta aure tsakaninka da wanda ake tuhuma?"

Baba Munsif ya dubi ƙasa.

Sausan ta ƙura masa ido. Rabin mutanen ɗakin sun san da rantsuwar, don a garinsu magana ba ta kwana. In ya ce babu, ya yanke ta a gaban duniya.

"Malam Munsif, da kai nake."

Ya damƙe katakon gabansa. Leɓɓansa suka motsa ba sauti.

"Ɗaga murya!"

"Mijin 'yata ne!"

Ya faɗa ne kamar mai tofar da abu mai ɗaci, amma ya faɗa. Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Alƙali ya buga teburi, ya ce tunda suruki ne ba za a rantsar da shi ba, za a dai saurare shi.

"Ka ga wanda ake tuhuma a kan layin dogo?"

"Na gan shi. Ya zauna, ya ƙi tashi, ya tsayar da jirgi. Taurin kai gare shi kamar jaki."

"Ya doke ka da ƙarfe?"

Baba Munsif ya waiwaya ya dubi mutanen masana'antar da ke zaune da manyan kwat ɗinsu. Sannan ya juyo.

"Ƙarfen me? Reshen dabino ne a hannunsa, shi ma busasshe. Ko ƙuda bai kora da shi ba."

Aka wanke Nizar daga tuhumar duka, aka ba shi wata takwas na tare hanya. Ana fita da shi yana waiwayen Sausan, ita kuma idonta na kan ƙofar da mahaifinta ya bi.

*

A tashar mota ta same shi, ya riga ya shiga motar Ain Salama, irin wadda ba ta tashi sai ta cika. Inna Mabruka na biye da ita a baya tana haki.

"Baba..."

"Kar ki taɓa ni."

"Na gode, Baba."

"Da me? Aikina ya tafi, kin ji daɗi? Gobe wani zai zauna a ɗakin gadina. Zan yi kaffarar rantsuwa kuma a kanki!"

"Ka ce 'yata."

Ya kau da kai. "Bakina ne ya saba. Tun kina cikin zani nake faɗa, ya riga ni fita."

"Saura mutum ɗaya!" direba ya ƙwala. "Ain Salama, mutum ɗaya mu tashi!"

Kujerar da ta rage ta gefen Baba Munsif ce, jakarsa na kai. Idonsa na gaba, ya ɗauke jakar ya ɗora a cinya. Sausan ta ɗaga ƙafa za ta shiga.

"In kin shiga," ya ce, har yanzu bai dube ta ba, "gida za mu je. Na yi wa yaron nan abin da zan yi, an ba shi wata takwas maimakon shekaru. Gobe ki nemi lauyarku ta raba auren. Ba layi, ba gidan yari, ba zama a kan hanyar jirgi. Ki dawo min 'yata kamar da."

Ƙafarta ta tsaya a kan matakin. Ta dubi kwalar rigarsa, ta dubi farin gashin da ya ƙaru a kansa. Tana son mutumin nan har cikin ranta, kuma ta san in ta bar shi yau, shi kaɗai zai sha shayinsa.

A bayanta Inna Mabruka ta ce da busasshiyar murya, "Shiga mana. Ubanki ne. Ni dama ban sa rai ba."

"Malama, za ki shiga ko in kira wani?" in ji direba.

Sausan ta miƙa hannu ta gyara wa mahaifinta kwalar rigarsa. Bai hana ta ba. Ta sumbaci kafaɗarsa, hawayenta ya jiƙa wajen.

"Ni 'yarka ce, Baba. Kuma matarsa ce. Kai ka faɗa da bakinka."

Ta sauke ƙafarta. Wani mutum da buhun albasa ya ture ta ya haye kujerar, ita da kanta ta ja ƙofar ta rufe. Motar ta tashi. Ta gilashin baya ta hango Baba Munsif ya kifa fuskarsa a kan jakarsa, bayansa na jijjiga, har suka sha kwana.

Nan ta durƙushe a tsakiyar tasha tana kuka kamar ranta zai fita, tana kiran Baba, Baba, mutane na ratsa ta suna wucewa.