Amanar Ƙafar Alhaji

Da faɗa Manniru da Muhibba suka fara sanin juna, a harabar tashar jirgin ƙasa ta Idu, ranar da ƙungiyar matasa 'yan sa-kai ta kafa rumfa tana faɗakar da matafiya game da daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Manniru ya zo ɗaukar mahaifinsa, ya tsayar da mota daidai bakin rumfar, ya toshe hanya.

Muhibba, ɗalibar aikin jinya mai riƙe da lasifika, ta ƙwanƙwasa masa gilashi.

"Oga, nan ba garejin gidanku ba ne."

"Ke ce mai tashar?"

"Ni ce wadda ka tare wa hanya. Matsa."

Bai matsa ba. Suna cikin haka mahaifin nasa, Alhaji Abdulƙadir, ya fito yana ɗingishi, bayan doguwar tafiyar mota daga Sakkwato da zaman jirgi daga Kaduna. Tsohon darakta ne, irin mutanen da aka horar a kan cewa babba ba ya bayyana rauninsa a gaban jama'a. Muhibba ta lura takalminsa na hagu a hannu yake, domin ƙafar ta ƙi shiga. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ƙafa ɗaya ce ta kumbura? Akwai zafi in an taɓa?"

"Gajiya ce. A yi tausa, ta wuce."

"Kada a tausa ta, Baba. In gudan jini ne, yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Asibiti za ku wuce daga nan."

Alhaji ya dubi ɗansa. "'Yar wa ce wannan marar kunya?"

Duk da haka Manniru ya juya kan mota zuwa asibiti, hoto kuma ya tabbatar da maganarta. Da ta je duba shi, Alhaji bai gode mata ba. Alkawari ya nema, cewa babu mahaluƙin da zai ji labarin ciwonsa daga bakinta. Ta ɗauka, Manniru ma aka ɗora masa irinsa.

Washegari saƙo ya shigo wayarta: "Malama mai lasifika, na matsar da motar. Zuciyata ce ta tsaya bakin rumfarki, ita kuma ba ta jin hon."

Ta amsa: "Oga, a ci tararta."

Daga nan Manniru ya shiga ƙungiyar. Shi ke ɗaukar kujeru zuwa tashar motar Masaka, inda suke roƙon direbobin dogon zango su riƙa tsayawa suna miƙe ƙafa suna shan ruwa. Yana kiranta Hibbata, ita kuma ba ta daina ce masa Oga ba.

Mahaifin Muhibba, Malam Zakariyya, mutumin Gwoza ne da rikici ya koro zuwa Kuchigoro. Ya rasa gida da gona, bai rasa tsarin gidansu ba. A zuriyarsu, kamar yadda aka yi wa kakanni, uban mai nema da kansa yake zuwa gaban babban gida, babban gidan kuwa, yayansa ne, yana Mubi. Da maganar aure ta taso, ya gindaya sharaɗin a je kafin azumi, in ba haka ba a rufe maganar.

Likita kuwa ya hana Alhaji doguwar tafiya, ta mota ko ta jirgi, har sai magani ya kama jikinsa. Maimakon ya faɗi haka, sai Alhaji ya aika cewa ba shi da sarari, zai tura wakili.

Malam Zakariyya ya mayar da goron da aka haɗo da saƙon.

"Ba shi da sarari," ya ce wa 'yarsa. "Da 'yar minista ce, da ya samu sarari. Mu 'yan gudun hijira wakili ya ishe mu, ko? Ga Nazeer ɗan ƙanwata, ubansa ko a ƙafa zai je Mubi."

"Baba, ba raini ba ne."

"To mene ne?"

Ta sunkuyar da kai. Kalma ɗaya za ta wanke Alhaji, kalmar kuma ba tata ba ce.

"Kin gani," in ji shi. "Ko ke kin rasa abin kare shi. Kada in ƙara ganin motar yaron nan a layinmu."

Manniru ya rubuto mata: "Hibbata, ki faɗa masa. Ni zan ɗauki fushin Abba."

Ta amsa: "Majinyaci ya ba ni amana, Oga. In na saki wannan don in same ka, gobe wa zai nuna mini ƙafarsa? Ina sonka, amma ba zan faɗa ba. Kai ma kada ka faɗa."

Ya fusata, ya daina kiranta. Da azumi ya matso, ya shiga falon mahaifinsa ya ajiye wayar a gabansa, saƙon a buɗe. Alhaji ya karanta, ya cire tabarau.

"Tana da taurin kai," ya ce. "Ɗauko mukullin mota."

Bayan la'asar suka sami Malam Zakariyya a ƙofar ɗakinsa na langa-langa, tare da dattawan unguwa. Ya amsa sallama, bai miƙa hannu ba.

"Yau an samu sarari, ranka ya daɗe?"

Alhaji ya zauna a benci, ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa a gaban kowa, ya nuna doguwar safar asibiti mai matse ƙafa.

"Jini ne ya daskare mini a nan. An hana ni tafiya. 'Yarka ce ta gano shi, ni kuma na hana ta faɗa. Ban raina gidanka ba, Malam. Kunya na ji a san ina ciwo."

Malam Zakariyya ya dubi ƙafar, sannan ya dubi labulen da 'yarsa ke bayansa.

"Wato ni ubanta ta bari ina zaginka, ta yi shiru."

"Haka ta yi."

"Rufe ƙafarka, Alhaji, yara suna kallo." Ya gyara zama. "An taɓa yin haka a gidanmu. Da surukin kakana ya kasa hawa dutse, kakana ne ya sauko masa. Zan kira Yaya ya zo. Amma ka sani, ba don kai na ba da ita ba. Girman kanka ya kusa raba yaran nan."

"Naka ma bai yi nisa da nawa ba," in ji Alhaji.

Ba su yi dariya ba, amma sun yi musabaha.

An ɗaura auren a Kuchigoro kafin ganin wata, ƙarƙashin rumfar ƙungiyar, babban gida ya zo daga Mubi ya ba da ita da bakinsa. Surukan biyu sun zauna kusa da juna, kowa yana duban gabansa, amma amin ɗinsu tare ta fito. Allah Ya zaunar da Manniru da Muhibba lafiya, Ya ba su zuriya mai riƙon amana, Ya kuma sassauta zukatan iyayensu.