Faifan da Ya Ƙi Magana a Gidan Malam Sada

Akwai wani hali da ban taɓa ganin ya bar mai shi lafiya ba: mutum ya zo maka da zuciya ɗaya yana neman shawara, ka dube shi ido cikin ido ka nuna masa hanyar da ka san ba ta ɓullewa. Wannan shi Mudassiru mai shagon kaset na Kura ya yi. Amma bari in fara daga bakin ruwa, can abin ya soma.

Shekarar nan tumatur ya yi yawa har ya zama wahala. Kwanduna jibge a kasuwar Kwanar Gafan suna ruɓewa, manoma na komawa gida shiru. Suhaibu na cikinsu, saurayi ne mai ɗan fili a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, wajen Bunkure. Idan gajiya ta kai masa ko'ina, waƙa yake yi, shi kaɗai, yana ban ruwa.

Ran nan Muhsina, 'yar Malam Sada, wadda ke koyarwa a Islamiyyar unguwa, ta kawo wa mahaifinta abinci gona. Ta ji murya daga cikin kunyoyin tumatur, ta rage tafiya. Suhaibu ya ɗago, laka har gwiwa, waƙar ta maƙale.

"Ci gaba mana," in ji ta. "Ko tumatur kaɗai kake yi wa?"

"Shi ba ya dariya idan na yi kuskure."

"Ni ma ban yi ba tukuna."

Daga nan aka fara. Bayan ya samu lambarta, saƙon farko da ya tura shi ne: "Sanyin idona, yau ban sayar da ko kwando ba, amma na gan ki a hanyar makaranta. Kasuwa ta yi kyau."

Ta mayar: "Malam mawaƙi, ka je ka ci abinci. Daɗin baki ba ya ƙosarwa."

Da maganar ta kai ga Malam Sada, kai ya girgiza. "Na ji an ce waƙa yake. Ba ni ba wa maroƙi 'yata, gobe in gan shi bayan motar 'yan siyasa yana ɗaga murya."

Matarsa Saude ta bari ya huce, sannan ta ce, "Malam, ka taɓa jin abin da yaron yake faɗa? Ka ji tukuna, sai ka yanke."

"To ya zo tsakar gidana ya wage baki a gabana? Ina kunya?"

Gaskiyarsa ce. A wajenmu mai neman aure ko ido ba ya haɗawa da uban yarinya, balle ya rera masa waƙa. Suhaibu ma da ya ji, cewa ya yi gara ƙasa ta tsage. Muhsina ce ta samo mafita. Malam na da wata tsohuwar rediyo mai cin faifan sidi, da ita yake sauraron karatu. A sa waƙar a faifai, ya ji ba tare da kowa ya ji kunyar kowa ba. Malam ya yarda, amma ya ce sau ɗaya zai saurara.

Suhaibu na da tsohuwar kwamfuta da yayansa Nasiru ya bar masa da zai koma birni. Ya jingina tabarmi a bangon ɗaki, ya naɗe makirfo da safa, yana jiran a kawo wuta. In an kawo, zakara ya yi cara ko injin niƙa ya tashi, a sake daga farko. Da ƙyar ya samu guda mai tsabta. Saura na'urar da za ta buga ta a faifai, wadda samari ke ce wa raita.

Sai ya nufi shagon Mudassiru. Bai san cewa Mudassiru ya jima yana aika wa Saude gaisuwa da atamfa saboda Muhsina, ana mayar masa ba.

"Mudan, shawara na zo nema. Ban san kan waɗannan abubuwa ba. Rediyon Malam Sada za a sa faifan, aurena na kansa."

Mudassiru ya san rediyon nan sarai, shi ya taɓa gyara mata murfi. Ya ɗora na'ura biyu a kan tebur.

"Wannan ta hannu ce, a cikin kwamfuta ake ɗaura ta. Tafiyar hawainiya take, kuma faifanta in ka buga shi ke nan, ba gyara. Wannan kuwa sabuwa ce, da igiyar waya ake jona ta da kwamfuta. Ga fayafanta, masu gogewa. In ka yi kuskure ka share ka sake."

"Wacce za ka ɗauka in kai ne?"

"Haba abokina. Za ka kai wa suruki kayan gwanjo? Ɗauki sabuwar. Amma ka ji, waɗannan fayafan kaɗai take karɓa."

Ƙarya yake, tana buga kowane iri. Kuma ya san tsofaffin rediyo irin ta Malam ba sa karanta faifai mai gogewa. Ya sa masa a ledar shago, har da rako bakin titi.

Suhaibu ya buga, ya gwada a kwamfutarsa, murya ta fito tas. Ya aika wa Malam Sada faifan a cikin ledar shagon.

Malam Sada ya zauna a kan buzu bayan la'asar, Saude a gefe, Muhsina a bayan labule. Faifai ya juya, ya yi ƙirit-ƙirit, ya tsaya. Aka goge shi da gefen riga, aka sake. Shiru.

"Ni zai aiko wa faifai ba komai?" Malam ya ce. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya tafi masallaci.

Saƙon Muhsina ya zo gajere: "Na tsaya maka a gaban Baba, ka sa na ji kunya. Kada ka kira ni."

Ya rubuta: "Wallahi muryata na ciki, sanyin idona. Na ji da kunnena."

Kwanakin nan sun yi wa kowa tsawo. Suhaibu na ban ruwa ba waƙa. Muhsina ta rame. Mudassiru ya sake aiko da atamfa, wannan karon da turare.

Sai dai Malam Sada mutum ne da ba ya son yanke hukunci a kan abin da bai tabbatar ba. Ran kasuwar Kura ya sa faifan a aljihu cikin ledarsa, ya biya shagon.

Mudassiru ya zube har ƙasa. "Baba, sannu da zuwa. Da ka aiko ai da na zo."

"Sa mini wannan a naka injin."

Faifai fari ba rubutu, Mudassiru bai gane shi ba. Ya zura shi a sabuwar na'urarsa, wadda ke jone da manyan lasifikan da ke kallon titi. Sai muryar Suhaibu ta cika kasuwa. Ba kirarin kowa a ciki, ba roƙo. Waƙar mai ban ruwa ce, wanda ƙafarsa ta tsage a laka, ya yi wata da watanni yana reno, ya kai kwando kasuwa aka taya masa abin da bai kai kuɗin mota ba, ya dawo ya sake gyara kunya yana cewa Allah na nan. Masu kwanduna suka tsaya. Wani dattijo ya sauke buhunsa ya zauna a kai.

Malam ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Sannan ya ce, "Me ya hana shi magana a gidana?"

Mudassiru ya rikice, bakinsa ya riga hankalinsa. "Ai Baba irin wannan mai gogewa ne, ba ya yi a tsohuwar rediyo. Duk mai sana'ar nan ya sani."

"Kai ma ka sani ke nan."

"Na'am, Baba."

"Ka kuma san rediyona, kai ka gyara ta." Malam ya ɗaga ledar, sunan shagon a jiki ɓaro-ɓaro. "Yaron ya faɗa maka inda za a kai faifan?"

Mudassiru ya dubi ƙasa. Mutane na tsaye suna ji. Malam ya karɓi faifansa ya fita.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Suhaibu: "Manomina, ka yafe mini. Baba ya ce ka turo magabatanka. Ya ce kuma ka sayi faifai na kirki, yana son nasa."

Ya karanta yana zaune a bakin kanal. Sai ya tura: "Na gaji ƙwarai, sanyin idona. Amma yau zan ci abinci."

Bayan an kwashe shinkafa aka ɗaura aure a Bunkure. Suhaibu bai yi waƙa a wurin ba, yana can nesa da surukinsa kamar yadda ya dace. Tsohuwar rediyon ce ta yi a madadinsa, da faifai marar gogewa wanda na'urar nan dai da Mudassiru ya sayar masa ta buga. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya sa albarka a gonarsu.

Mudassiru kuwa, ga abin da ya girba. Ya rasa Muhsina, wadda dama ba tasa ba ce. Ya rasa gaisuwar Malam Sada. Manoman da suka tsaya a ƙofar shagonsa ran nan, a kan titi suke wucewa zuwa wani shagon. Atamfarsa da turarensa an mayar masa a ledar shagonsa. Har yau kuma ba wanda ya sake shiga wajensa ya ce, "Mudan, wacce za ka ɗauka in kai ne?"