Wanda Ya Ba Wake Ruwa

Ranar Litinin da aka dawo hutun Babbar Sallah, aka kai ƙara ofishin 'yan sanda daga wata sakandaren 'yan mata a Gusau. An shiga ɗakin gwaje-gwajen ilimin halittu an kwashe madubin likita guda biyar, irin wanda ɗalibai ke leƙa ƙananan halittu da shi.

Kafin azahar shugabar makarantar ta riga ta gano ɓarawonta. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba, kuma maigadi Baba Umaru yana riƙe da makulli. Aka kai tsohon bayan kanta, aka ce ranar Juma'a sai kotu.

Washegari fayil ɗin ya faɗo hannun Sufeto Ɗanlami, mutumin da bincike mai sauƙi yake ba shi haushi. Ya sa aka fito masa da tsohon.

"Baba, ka bar bakin ƙofa cikin hutu?"

"Ranka shi daɗe, ko taki guda. Shekara goma sha tara ina gadin makarantag ga, ko alli ba a taɓa cewa na ɗauka ba."

"Buɗe hannunka."

Tafin hannun duk ya yi bororo. Sufeto ɗan manomi ne, ya san aikin sungumi idan ya gan shi.

"A bakin ƙofar kake shuka?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ruwa anka yi, ranka shi daɗe. Kwana ukku ina zuwa gona Kwatarkwashi da sahe, in komo da la'asar. Tsoro ni ji a kore ni."

"Ƙaryar nan ce za ta ɗaure ka, ba satar ba," in ji Sufeto. Tsohon ya ba shi tausayi, amma bai nuna ba.

Daga nan ya wuce makarantar. Malama Rahama, mai koyar da ilimin halittu, ta buɗe masa ɗakin, wanda yake kulle tun da aka ga satar. A kan kanta akwai gurbi shida, madubi ɗaya ne kawai ya rage.

"Me ya sa aka bar wannan?"

"Gilashinsa na ciki ya tsage. Sai ka leƙa za ka sani."

Sufeto ya rubuta. Ɓarawon kasuwa ba ya tsayawa tantance lafiyayye.

A bakin taga ya ga kwalabe uku jere, kowacce da ƙwayoyin wake. Ta farko audugarta a bushe, waken yana nan yadda aka sa shi. Ta ukun waken yana nutse cikin ruwa da mai a sama. Ta tsakiya kuwa ta yi tsiro kore shar, har da ganye.

"Wannan fa?"

"Gwajin tsiro ne. Ta farko an hana ta ruwa, ta ƙarshe an hana ta iska, ta tsakiya an ba ta duka. Ranar da za a tafi hutu muka haɗa da ɗalibai, na manta ban tafi da su gida ba."

Sufeto ya zura yatsa cikin ta tsakiya. Audugar da sauran danshi.

"Kwana nawa audugar nan take yi ta bushe?"

"Uku, in ta daɗe." Sai a lokacin malamar ta lura. Hutun kwana goma aka yi.

"Ke kika zo kika ba ta ruwa?"

"Ina Bunguɗu wajen jinyar mahaifiyata. Ka tambaya."

"Zan tambaya. Amma da Baba Umaru ne ya ji tausayin wake, busasshiyar zai fara zuba wa ruwa. Wanda ya shigo nan ya san wadda ake ba ruwa, ya san wadda ake hana wa. Makulli nawa ne?"

"Biyu. Nawa da na maigadi."

Ta faɗa da sauri, idonta yana kan taga. Sufeto ya ja kujera ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, kamar wanda ya zo wuni.

"Malama, tsohon nan sa'an mahaifinki ne. Ranar Juma'a za a kai shi gaban alƙali."

Ta juyo ta dube shi. "Akwai na uku. Malam Mannir, wanda ya riƙe ɗakin kafin ni. Da aka mayar da shi wata makaranta kusa da 'Yandoto ya ce nasa ya ɓace. Shi ya koya min aikin nan, shi ya sa na yi shiru."

Da safiyar Laraba Sufeto ya ɗauki hanyar Tsafe. Ya tsaya a Kwatarkwashi, inda gonar Baba Umaru take bakin titi, ƙasan duwatsu. Maƙwabcin gonar, Ahmad, ya tabbatar tsohon ya yi kwana uku yana shuka gero.

"Wani ya tsaya wajensa?"

"Sai dai wani malami mai mashin, da kwali ɗaure baya. Kullum shi kan tsaya su gaisa, kana shi wuce Gusau."

Makarantar da ke kusa da 'Yandoto azuzuwa huɗu ce, ba ta da ɗakin gwaji ko na nuna wa baƙo. Aka kira Malam Mannir daga aji. Siriri ne, yatsunsa sun rine da ruwan aidin na gwaji, yana warin albasa.

"Yaushe rabonka da tsohuwar makarantarka?"

"Wata uku ke nan, yallaɓai. Tun da aka yi min canji ban sake taka ta ba."

"To, madalla. Gaisuwa ce kawai. Ɗakinka yana nan lafiya, har waken nan na taga na sa an cika wa duk kwalaben ruwa, don kada su mutu."

Fuskar malamin ta canza. "Ai kun ɓata musu gwajin. Ta tsakiya kaɗai ake..."

Bai ƙarasa ba.

"Kwana goma sha biyu da haɗa kwalaben," in ji Sufeto. "Kai kuma wata uku rabonka da ɗakin."

Malam Mannir ya jingina da bango. Can ya ce, "Madubai ɗin suna cikin aji. Duka biyar, lafiyarsu ƙalau."

"Me ya kai ka?"

"Yaran nan shekara uku suna zana ƙwayar halitta daga allo, ba su taɓa ganinta da ido ba. Jarrabawa kuma ba ruwanta da wannan. Na rubuta takarda sau huɗu ina roƙon a ba mu madubi, ko amsa ban samu ba. Na ce in ara na mako biyu in mayar."

"Ka ji an kama Baba Umaru?"

Malamin ya kau da kai.

"Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji. Tun ranar Litinin."

Nan ne ran Sufeto ya ɓaci sosai, muryarsa ta yi ƙasa. "Sau uku ka shiga ɗakin nan, sau uku ka tsaya ka ba wake ruwa don kada ya mutu. Tsohon da kake tsayawa kuna gaisawa a gona ya kwana biyu a kan siminti, ba ka iya buga waya ba."

Malamin ya rufe fuska da hannunsa mai aidin.

Ta taga Sufeto ya hango ɗalibai sun yi layi, kowa yana jiran ya leƙa fatar albasa. Wata ta ɗago daga madubin tana gaya wa ta bayanta wai kamar jerin bulo ne.

"Saura bakwai ba su gani ba," in ji Malam Mannir a hankali.

Sufeto ya duba agogo. Ya ciro waya ya kira ofis, ya ce a fito da Baba Umaru yanzu, a ba shi ruwa ya yi wanka. Sannan ya tsaya a bakin ƙofar ajin yana ƙirga ɗaliban da ido.

Da ta bakwai ta ɗago kanta, ya ce, "Malam, ɗaure madubai ɗin cikin kwalin yadda ka kawo su. Kai za ka riƙe a mota. In mun isa, tsohon za ka fara gani kafin alƙali."