Jaririn da Ke Jikin Kwalba

Ƙarfe goma da 'yan mintuna na safe aka kira ofishin 'yan sanda daga asibiti. Wata jaririya 'yar wata bakwai ta rasu, likita kuma ya ce ba zai sa hannu a takarda ba sai hukuma ta zo.

Insifekta ya tarar da uwar a zaune a kan benci a baranda. Ba kuka take yi ba. Hular yarinyar ce a hannunta, tana ninkewa tana warwarewa.

Likita ya ja shi gefe, ya miƙa masa wata 'yar kwalba a cikin leda.

"Wai maganin fitar haƙori ne. Kwana uku tana ba ta. Ƙodar yarinyar ta tsaya cak. Abin da ke cikin kwalbar nan ba magani ba ne, Yallaɓai."

Insifekta ya juya kwalbar a hannunsa. Lebul ɗin kore ne da fari, da sunan kamfanin a sama, da hoton wani jariri yana dariya. Kunnuwansa a baje, ga ɗan rami a haɓarsa, girarsa ta hagu ta ɗan fi ta dama ɗagawa, kamar yana tambayar duniya wani abu.

Shekara sha tara Insifekta yana wannan aiki. Ya san ya kamata wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ya tsaya ya saurara, bai ji komai ba.

Ya durƙusa gaban uwar.

"Baiwar Allah, a ina kika saya?"

"Kemis ɗin bakin titinmu." Ta ɗago ido ta kalli kwalbar. "Ya ce mai kyau ne. Har da hoton yaro a jiki."

Da Insifekta ya isa shagon, mai kemis ya fara rantsuwa tun kafin a tambaye shi komai.

"Wallahi daga kamfani nake saro kayana, Yallaɓai. Kowa ya san ni a unguwar nan."

Kofur Dogo, wanda ke bin Insifekta duk inda ya sa ƙafa, ya ɗauki na'urar karanta kaya da ke kan kanta.

"Wannan ado ce, ko tana aiki?"

"Tana aiki mana."

Kofur ya zaro wata kwalbar maganin daga can ƙarshen kanta, cikin tsohon kaya. Ya haska bakod ɗinta, waɗannan siraran baƙaƙen layukan da ke bayan lebul. Na'ura ta yi ƙara, sunan maganin ya fito a allo.

Ya haska kwalbar da ta fito daga asibiti. Allon ya ce babu wannan kayan.

Insifekta ya kusanto da kwalbar idonsa. Lambobin da ke ƙarƙashin layukan sifili ne zalla, guda goma sha uku a jere.

"Ranar da na'urarka ta ƙi karantawa, me ka yi?"

Mai kemis ya share gumi. "Na... na ɗauka ita ce ta lalace. Sai na shigar da hannu."

"Kuma daga kamfani ka saro."

Mai kemis ya sunkuyar da kai.

"Wani ne a babur," ya ce a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ya cire hular kwano. Ya ce sabon lebul ne kamfani ya fitar."

Insifekta ya jera kwalaben biyu. Komai iri ɗaya ne, kala da rubutu da tambari, ban da jaririn. Na jikin kwalbar gaske barci yake yi cikin farin bargo. Na jabun ne mai dariya.

A waya kamfanin ya ce wuri ɗaya ake shirya musu lebul ana bugawa, wata maɗaba'a a bayan kasuwa.

Warin tawada ne ya tarbe su tun daga ƙofa. A ciki wani babban inji yana ta haɗiyar farar takarda yana amayar da ita da kala. Dattijon da ke kula da shi, wanda ma'aikata ke kira Baba Injin, ya kashe shi ya goge hannu da tsumma.

"Ka san wannan lebul ɗin, Baba?"

Ya karɓa, ya kalla sau ɗaya, ya mayar da sauri.

"Ban taɓa ganinsa ba."

Amma idonsa ya riga ya je wani tebur da ke bayan gilashi ya dawo. Kofur ya bi inda idon ya je. Wata mata ce a zaune gaban kwamfuta, siririya, da tabarau, ba za ta wuce shekara ashirin da takwas ba. A jikin bangon da ke gefenta an manna wata 'yar takarda da salatif. Jaririn nan ne mai dariya.

"Baba, da furfurarka," in ji Kofur.

Dattijon ya zauna a kan wani kwali.

"Gwana ce ta zana. Haka muke kiranta. Samfurin farko ne, kamfani suka ƙi shi. Amma ku tsaya ku ji, ba ita ta yi wannan ɓarnar ba."

"Sifilin nan fa?" in ji Insifekta.

"Riƙon wuri ne. Kafin kamfani ya aiko da lambarsa ta rajista, mai zane kan saka bakod na sifili don a ga inda zai zauna. In an amince da aiki sai a cire a sa na gaske. Duk wanda ya ci abinci a sana'ar nan ya san ba a buga samfuri."

Ya ciro wani ɗan gilashin ƙara girma daga aljihu, ya ɗora a kan lebul ɗin.

"Leƙa nan, Yallaɓai. Ka ga gefen layukan sun yi gashi-gashi? Hoton nan ta waya ya bi. Waya matse hoto take yi, ta cinye masa kaifi. Ka ga farin zaren nan a baki? Ba a bar rarar kala ba, wuƙa ta yanka ta bar fari. Gwana fa, saboda ɗigo ɗaya sai ta sa na wanke inji na sake. Sau nawa muka yi faɗa a kan haka. Ta buga wannan ƙazantar? Ko a mafarki."

Insifekta ya miƙe.

"Duk da haka daga hannunta ya fita."

Da suka shiga bayan gilashin, Gwana ba ta tambayi dalili ba. Ta kalli kwalbar da ke hannunsa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta adana aikin da take yi, ta kashe kwamfuta, ta ɗauki jakarta.

"'Yata, ki faɗa musu gaskiya," in ji Baba Injin a bayansu. Ba ta waiwayo ba.

Ɗakin tambayoyi tebur ɗaya ne da kujeru uku da fanka mai kukan tsufa. Insifekta ya ajiye kwalbar a tsakiya.

"Ke kika zana?"

"Ni na zana."

"Wa kika tura wa ta waya?"

"Ba kowa."

Kofur ya riga ya duba wayarta. An goge saƙonnin watanni uku, tas.

"To ta yaya ya fita daga kwamfutarki?"

"Ni na fitar. Ni na buga. Ka rubuta haka."

Insifekta ya tura mata kwalbar da ɗan yatsa, ya juya gefen da farin zaren yake.

"Ke kika bar wannan?"

Fuskarta ta ɗan yamutse, kamar wadda aka taka wa ƙafa. Ta kawar da kai.

"Malama, bari na gaya miki inda kike. Yarinya ta mutu yau da safe. Wata bakwai. In na rubuta abin da kika ce, gobe kotu za ki, kuma ba shekara biyu ko uku ake magana ba. Za ki tsufa a ciki."

"Na ji."

"Kin ji, ko kin fahimta?"

"Ka rubuta, Yallaɓai."

Muryarta babu rawa, babu hawaye. Akwai irin zuciyar da in ciwo ya yi mata yawa sai ta rufe ƙofa ta zauna a duhu, kuma Insifekta ya san irinta, don da ita yake yawo.

Ya ajiye biro.

"Me ya sa kamfani suka ƙi wannan jaririn?"

"Cewa suka yi kunnuwansa sun yi yawa." Wani abu mai kama da murmushi ya zo bakinta, ya mutu a nan.

"Ɗan wa ne?"

"Ba ɗan kowa ba ne. Ba a haife shi ba."

Bai rubuta komai ba. Ya sa aka kai ta ciki, ɗakin da ake tsare mutane.

Bayan la'asar wani mutum ya zo kantar ofishin da kular abinci da mayafi a ninke. Ya ce shi ne mijinta, sana'arsa raba kaya a shaguna. Yana magana da ladabi, yana ta roƙon a bar shi ya gan ta ko minti biyu.

Insifekta yana fitowa daga ofis ya tsaya.

Kunnuwa a baje. Rami a haɓa. Da mutumin ya juyo yana tambaya, girarsa ta hagu ta ɗaga ta bar ta dama.

"Shigo, Malam. Kawo kular, za a kai mata."

A ɗakin tambayoyi mijin ya zauna a bakin kujera.

"Shekararku nawa da aure?"

"Biyar, ranka ya daɗe."

"Yara nawa?"

"Allah bai kawo ba tukuna."

Insifekta ya ajiye kwalbar a gabansa. "Ka taɓa ganin wannan?"

"A'a. Ni aikinta ba na shiga ciki. Ko kwamfuta ban iya kunnawa ba."

Kofur ya kalli kwalbar, ya kalli mutumin, ya sake kallon kwalbar.

"Oga, wannan ai ko makaho ya shafa ya san ɗan gidansu ne."

"Ba ni wayarka," in ji Insifekta.

Ita ta goge nata. Shi bai ma tuna ba. Hoton yana nan cikin hirarsu, wata uku da suka wuce, lebul ɗin gaba ɗaya da sifilinsa. A ƙarƙashinsa ta rubuta: "Kunnuwanka da haɓarka, idanuna. Na gaji da jira, na zana shi. Ka gaishe da ɗanka."

Ya amsa mata da hoton zuciya guda uku. Bayan kwana huɗu ya tura hoton ga wata lamba da ya ajiye da sunan Mai Firinta.

Insifekta ya juya masa fuskar wayar. Ya ce wa Kofur, "Shigo da ita."

Gwana ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Mijin ya miƙe, ya koma ya zauna.

"Matarka ta ce ita ta buga," in ji Insifekta. "Gobe za ta kotu a kan ran jaririya. In rubuta, ko kana da magana?"

Fankar ta yi ta kukanta. Mijin ya dafe kai da hannu biyu.

"Wani abokina ne yake haɗawa. Ya rantse min sukari ne da kala, ba ya warkarwa ba ya kashewa. Kwalabe suna da su, lebul ne suka rasa. Sai na tuna da hoton. Na ga komai ya cika a jiki, har da layukan nan. Ban san akwai na gaske da na riƙon wuri ba."

"Kai ne mai babur?"

"Ni ne."

"Me ya kai ka?"

Ya ɗago ya kalle ta. "Gwanata, ko'ina na shiga cewa ake yi ga mijin Gwana. Ko danginmu. Na so ranar da za a ce ga matar wane. Wallahi ban san zai taɓa yaro ba."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, kamar ba ta son ta gan shi sosai.

Ya ba da sunan abokin, da gidan da ake haɗawa, da shagunan da ya kai wa. Kofur ya rubuta, ya miƙa masa ya sa hannu, sannan ya ciro ankwa. Mijin ya miƙa hannayensa ba gardama.

A bakin ƙofa dole suka gifta ta. Ya tsaya.

"Ki ci abincin, tun safe ba ki ci komai ba. Za ki zo gobe?"

Ta kalli maɓallin rigarsa na sama, wanda ya saka a ramin da ba nasa ba. Hannunta ya tashi da kansa, kamar yadda ya saba shekara biyar, har ya kusa kaiwa. Sai ta mayar da shi.

Ta juya wajen Insifekta.

"Yallaɓai, akwai kwali biyu a ƙarƙashin gadonmu. Ya ce min takalman wani ne aka ba shi ajiya. Ku aika a ɗauko kafin wani ya zo nema."

Ta zaro makullin gidan daga jakarta, ta ajiye a kan tebur.

Kofur ya taɓa kafaɗar mijin, suka bi baranda zuwa ciki.