'Ya'yan Abaka Ɗari Biyu

Ranar da Efren ya fara ganin Salve, tana shanya zaren abaka, wata shuka mai kama da ayaba da ake tuƙa igiya da zarenta, a kan gora a bakin rafi, shi kuma ya sauko daga tudu da dami a kafaɗa. Ya tsaya kallo har damin ya sulɓe ya faɗa taɓo.

"Malam, wanki ka kawo zaren naka?" ta ce tana dariya.

Ya ɗauki daminsa ya wuce. Duk wanda ya tashi da Efren a tsibirinmu na Catanduanes, a ƙasar Filifin, ya san bakinsa da nauyi. Sai da ya samo lambarta sannan ya yi jarumta ta waya:

"Zare ya bushe, amma ni har yanzu ban dawo daidai ba. In biyo ta rafi gobe?"

"Hanyar ba ta babana ba ce," ta rubuto. "Biyo, amma ka riƙe kayanka."

Kafin wata uku ta koma kiransa Padaba, sunan da ba a ba wa kowa sai abin ƙauna.

Mahaifinta, Tata Doming, bai so ba. Idonsa yana kan Wilmar, ma'aikacin ofis mai babur da takalmi mai sheƙi. Amma a wurinmu mai neman aure yana yi wa gidan yarinya hidima, kuma Wilmar ko adda bai iya riƙewa ba. Guguwar bara ta kwantar da rabin gonar tsohon, don haka Efren ya shiga gonar da mahaifinsa ya bar masa, ya haƙo 'ya'yan abaka ɗari biyu, ya yi kwana goma yana sauko da su a baya yana dasawa. A rana ta ƙarshe tsohon ya turo masa kwanon shinkafa da ganyen gwaza da madarar kwakwa.

"Ci, kada a ce na kashe ɗan mutane."

Salve ta juya baya don kada a ga murmushinta.

Wata biyu bayan haka sababbin ganyayyakin suka fara fitowa gajeru, sirara, bakinsu ɗorawa-ɗorawa, sun cunkushe a ka kamar tsintsiya. Abakar da ta yi haka ta gama yawo, ba za ta ba da zare ba.

Malamar gona ta zo, ta ɓare gindin wani ganye. Ga darɓa, 'yar ƙwaron nan mai maƙale wa ganye, baƙa ƙirin, ko ƙwayar riɗi ta fi ta girma, tururuwa na zagaye ta.

"Ita ke tsotsar mai cuta ta kai wa mai lafiya," ta ce.

"To maganin fa?" in ji Tata Doming.

"Babu, Baba. A yi wa darɓar feshi, a tumɓuke gindin har saiwa, a ƙone."

"Daga ina ta shigo min?"

Malamar ta ce, "Wata darɓar tana da fiffike, iska na kawo ta. Dashe ma yana zuwa da cutar yana kore shar. Ba zan iya rantsuwa ba."

Ba ta kalli Efren da ke tsaye a gefe ba, amma tsohon ya kalle shi.

"Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Mako uku Salve tana aika saƙo ba amsa.

"Padaba, ban ce laifinka ba ne. Ka yi min magana ko da kalma ɗaya."

Wilmar kuwa ya samu ƙofa, kullum yana tsayar da babur da labarin wai an ga Efren a tashar jirgin ruwa zai tsere Manila, babban birni. Ta yi kuka har ta gaji. A gona kuma babanta yana tumɓuke gindi ɗaya yau, gobe ya tarar da uku sun kamu. Ya yi feshi, ya kunna kyandir a coci, cutar dai ta tsallaka cikin tsofaffin gindin da kakan Salve ya dasa. Abin tausayi, mutum da ƙarfinsa yana tsaye yana kallo.

Wata safiya ta hau tudu da kanta. Ta tarar da gonar Efren fili fetal, ya tumɓuke abakarsa duka ya ƙone, hayaƙi na tashi, shi yana zaune a kan kututture tafukansa duk sun fashe.

"An ce ka gudu."

"Da wane idon zan dube ki, Salve? Ni na ɗauko cutar a bayana, har ina murna."

"Ba ka sani ba. Malamar ma ba ta sani ba."

"Shi ne abin da ya fi cina."

Ta zauna ta kama hannunsa.

Washegari ta tisa babanta a gaba har wurin. Tsohon ya daɗe yana kallon tokar.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Tata."

"Har masu lafiyar?"

"Na daina gane masu lafiya."

Tata Doming ya cire malfarsa ya share fuska. "Ni ma haka. Sau uku ina ɗaga adda a kan dashen mahaifina, hannuna yana ƙi. Gobe ka zo da taka." Ya fara gangarawa, sai ya tsaya bai waiwayo ba. "In mun gama, ka turo manyanka."

An ɗaura auren a ƙaramin cocin ƙauye, gonakin biyu suna kwance ba komai, kuma ko an samu dashe mai tsabta sai an yi kusan shekara biyu kafin a ga zare. Da aka zo wurin yafa wa ango da amarya igiyar aure a kafaɗa, kamar yadda ake yi a cocinmu, Tata Doming ya zaro wata daga aljihu. Shi ya tuƙa ta da zaren gindin ƙarshe da ya rage lafiya a gonar mahaifinsa. Ta yi gajarta, ta ƙi zagaye mutum biyu.

"Ku matsa," ya ce. "Iyakarta ke nan."

Suka matsa har kafaɗunsu suka haɗu, igiyar ta kai da ƙyar. Ya ɗora musu hannu a ka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya tsare muku abin da za ku dasa."

Duk cocin ya amsa da amin.